Aron Asusu a Guangzhou

Sharfaddeen ya daɗe a Guangzhou. Aikinsa haɗa wa 'yan kasuwar Kano kaya, ya loda musu a kwantena a tashar jiragen ruwa ta Huangpu. Matarsa Najiba tana tare da shi, 'yarsu Asma'u tana makaranta a garin. Zaman gidan gaba ɗaya a kan takardar izinin zamansa ya dogara, kuma lokacin sabunta ta ya kusa.

Da lokacin baje kolin Pazhou ya zo, sai Shitu, yayan Najiba, ya sauka a gidansu. Shitu ba ya yawo da dala kamar sauran 'yan kasuwa. Dukiyarsa a waya take, kuɗin intanet da ake kira kirifto.

Ranar Juma'a, suna fitowa daga masallacin Huaisheng, ya dafa kafaɗar Sharfaddeen.

"Angon Najiba, ba ni lambar asusunka. Na samu wani ɗan China a waya, zai sayi kirifto ɗina, farashinsa ya fi na kowa. Zai turo yuwan, kuɗinsu na nan, cikin asusunka, kai kuma ka biya mini masana'anta."

"Yaya, ka san mutumin?"

"Ina ruwana da saninsa? Aurensa zan yi?"

"Ai hukumar ƙasar nan ta hana cinikin kirifto."

"Ta hana, kuma kowa na yi. Kai da na ba ka ƙanwata sukutum, a kan lambar banki za ka tsaya yi mini wa'azi?"

Sharfaddeen ya yi dariyar yaƙe, ya ba shi. Ba jahilcin doka ne ya sa shi ba, ya san ta sarai. Kunyar suruki ce. Kuɗi suka shigo, ya biya masana'anta, Shitu ya hau jirgi ya koma Kano. Najiba ba ta san an yi ba.

Wata safiya ya je sayen nama. Ya ɗora waya don ya biya, ta ƙi. Ya sake, ta ƙi. Mai naman ya duba tasa wayar, ya girgiza kai ya ce "meiyou", wato babu. A garin da ko ruwan sha da waya ake saye, haka Sharfaddeen ya ajiye naman ya fita.

A banki aka ce 'yan sanda ne suka ba da umarnin rufe asusun. A ofishin 'yan sanda, tafinta ya yi masa bayani dalla-dalla. Kuɗin da suka shiga asusunsa na wata tsohuwa ne a wani lardi mai nisa. 'Yan damfara sun yaudare ta a waya, sun kwashe abin da ta tara tsawon rayuwarta. Don su ɓatar da sawu, suka sayi kirifto da shi a hannun baƙo, wato Shitu, shi ya sa suka saya da tsada. Da aka bi sawun kuɗin, a kan sunan Sharfaddeen ya tsaya.

'Yan sandan suka karɓi fasfonsa. Suka ce in bincike ya nuna da hannunsa, akwai kurkuku, akwai kora daga ƙasar.

Da ya gaya wa Najiba, sai ta ce:

"Abban Asma'u, Yaya Shitu fa? Mutumin da ko akuya Baba ba ya ba shi ya kai kasuwa? Ni da muke ciki ɗaya ban ba shi lambata ba."

"Kunyarsa na ji."

"To yanzu kunyar ce za ta karɓo maka fasfo?"

Ta kira Shitu a gabansa. Ya saurara, ya ce, "Ni ma ban sani ba, ku yi ta addu'a." Sannan ya ce, "Kayana dai sun hau ruwa ko?" Najiba ta kashe wayar.

Watannin da suka biyo baya sun yi musu nauyi. 'Yan kasuwa suka ji labari, suka koma wurin wasu. Da asusun Najiba ake cefane. Ta fara ɗaure kaya a kwalaye a ɓoye, don kada Asma'u ta gane. Shi kuwa duk ranar da 'yan sanda suka kira shi yana zuwa, kuma bai sauya magana ko sau ɗaya ba: ga wanda ya roƙe shi, ga abin da ya yi, ya san haramun ne a doka.

Daga ƙarshe aka kama 'yan damfarar, aka tabbatar ba ya cikinsu. Amma sai da ya mayar da kuɗin tsohuwar gaba ɗaya. Motar da yake ɗaukar kaya da ita ya sayar ya biya.

Jami'in 'yan sanda ya turo masa fasfon a kan tebur, ya yi magana, tafinta ya ce, "Ya ce wannan karon sun ɗauke shi a matsayin wauta. In aka sake, ba haka za su ɗauke shi ba."

Sharfaddeen ya fito, ya zauna a bakin titi. Ya kira gida.

"Najiba, kwance kwalayen nan. Muna nan."

Ta yi hamdala. Ba da daɗewa ba aka sabunta masa takardar zama. Mota ta tafi, Asma'u ba ta rasa ko rana ɗaya a makaranta ba.

Jama'a, wannan ya tsira, kuma ba kowa ke tsira ba. Asusunka sunanka ne: duk abin da ya shiga ciki, kai za a tambaya, ba wanda ya roƙe ka ba. Ka bi dokar ƙasar da kake ci a cikinta, kuma ka koyi cewa a'a, ko da surukinka ne.