Saƙonnin Da Suka Dawo Wa Mai Su

Tana cikin toshe kafar kutse ta ƙarshe a na'urar aika imel ɗin kamfaninsu, sai yayanta ya dire mata kofin gahawa.

"Ƙanwata, daina wahalar da kanki. Ɓarayin intanet ne a wata uwa duniya, ba ki iya musu."

Ba ta ɗago ba. Wata da watanni wani na aika wa abokan cinikinsu saƙo da sunan kamfanin jirgin yawon teku da mahaifinsu ya bar musu a birnin Cairns na Ostiraliya, wai sun rufe, a koma wani sabon jirgi. Ƙorafi ya yi yawa, har saƙonninsu na gaskiya suka fara dawowa. Jirgi kuwa kullum rabin kujerunsa babu kowa.

"Na gama, Yaya," ta ce. "Daga yau duk wanda ya aika saƙo da sunanmu ba ta wannan na'urar ba, kansa zai koma. Ɓarawon ya saita saƙonninsa su riƙa fita da kansu da hantsi. Lokacin ma ya yi."

Ya yi dariya. "Taurin kai dai, Baba sak!"

Sai waya ta yi ƙara a aljihunsa. Ta sake, ta sake, kamar ruwan sama a kan kwano. Ya dafe aljihun da hannu biyu, ƙarar ta ƙi mutuwa.

Ta tura masa gahawar, ko kurɓa ba ta yi ba.

"Duba mana, Yaya. Naka ne suka dawo gida."