Lambar da Baba Ya Bar Rezarsa

Ranar Baba bai fita da tasi ba. Na dawo daga makaranta na tarar da shi zaune a banɗakin gidanmu na University Heights a New York, ya shafa kumfa a fuska.

"Zo ka yi mini aski," ya ce.

Ya miƙo mini rezarsa, wadda ko taɓawa ba ya bari mu yi. Ta ƙarfe ce irin ta da, mai lambobi a wuya da ake murzawa daga ɗaya zuwa tara. Idan lambar ta yi sama, ta fi cin gashi. Baba a tara yake aski, har yana yi wa direbobin filin jirgin JFK fariya.

"Mayar da ita ɗaya."

Na tambaye shi da Turanci ko yana tsoron in yanke shi ne.

"A'a, ɗana. Fatar ce ta gaji."

Na yi masa askin ina jin ƙashin kumatunsa a ƙarƙashin yatsuna, warin magani ya danne ƙamshin sabulun. Da ya tafi garinsu Kumasi jinya, da ita ya tafi. Daga shi har ita babu wanda ya dawo.

Yanzu irinta sun cika mini durowa, har matata ta gaji da mita. Duk wadda na gani a gwanjo, wuyanta nake fara dubawa, in ga lambar da mai ita ya bar ta. Idan a ɗaya take, ba na iya barin ta a wurin.