Tayoyin Injiniya

Sati uku Injiniya ya shafe yana zarya shagon mai taya da ɗan littafinsa a aljihu. Ba injiniya ba ne. Shekara talatin ya yi yana buga hatimi a ofis, amma tun ranar da ya gyara famfon banɗaki ya laƙaba wa kansa sunan, kuma ba wanda ya ga ribar yi masa musu.

Da ya yi ritaya sai ya sayi tsohuwar jif, ya shiga ƙungiyar masu hawan duwatsu da mota. Asabar ɗin ƙarshen wata za su yi tafiyar kwana uku, ya kuma rantse shi zai ja gaba. Likitan da ya yi masa aikin ƙashin baya wata biyar da suka wuce ya ce ko ramin titi ya kiyaye, in ba haka ba a keken guragu zai ƙarasa rayuwarsa. Injiniya ya ce likita ƙashi ya sani, bai san mota ba.

Matarsa tela ce, ɗakin ɗinkinta na bisa garejin. Ta yi lallashi, ta yi kuka, ta haɗa shi da yayansa, ta sa 'ya'yansu suka yi ta kira a waya. Ya yi kunnen uwar shegu da su duka. Daga nan ta yi shiru, shi kuwa ya ce dama ilimi a hankali yake shiga kan mutum.

Saura taya. Shi mai inci talatin da biyar yake so, da rim mai ofset ɗin da zai turo tayoyin waje, motar ta tsaya a buɗe kamar ɗan kokawa. Mai taya ya nace talatin da ɗaya ta ishe shi. Ya ce babbar za ta gogi jikin mota, ta sha mai, sitiyari ya yi nauyi, kuma rim ɗinsa na asali ba abin da ya yi. Kullum haka suke rabuwa, Injiniya yana tsaki yana rubuta lambobin da shi kansa bai gama fahimta ba. Har ya fara saukowa, yana tunanin talatin da uku.

Wani yammaci ya tarar da matar tana fitowa daga gareji, tef ɗin awo a wuya, wai allura ta faɗo mata ta tsagin bene. Da suka zauna cin abinci ta ce, kamar ba da wata manufa ba:

“Baban yara, ɗazu na ga motar shugaban ƙungiyarku. Tayoyinsa sun leƙo waje gwanin sha'awa. Taka kuwa sai ka ce motar kai yara makaranta.”

Injiniya ya ture kwanon abinci ya jawo ɗan littafinsa.

Washegari ya isa shago a shirye da faɗa, sai ya tarar ba abokin yi. Mai taya na zaune cikin sabuwar riga da ta zauna masa ɗas, ya ce ya kwana yana tunani, ashe Injiniya ne mai gaskiya. Talatin da biyar za a sa, da rim ɗin da zai ƙara inci biyu ta kowane gefe. Injiniya ya dafa kafaɗarsa ya ce ba komai, koyo ba ya ƙarewa.

Matar ce ta ba da shawarar a zo gida a ɗaura, kada zaman bencin shago ya taɓa masa baya. Ita ce kuma ta tuna masa da ɗan ƙanwarsa da ke can wani gari mai nisa yana fama da sanƙon taya. Injiniya mutum ne mai son a ce ya yi kyauta, a ranar aka loda tsofaffin tayoyi da rim a motar kaya.

Jajibirin tafiya aka ɗaura sababbin a cikin gareji. Ya zagaya motar sau bakwai, ya ɗau hoto ya tura wa likita.

Da safe abokai suka jeru a ƙofar gida suna ta hon. Injiniya ya sa hula da baƙin tabarau, ya naɗe madubai kamar yadda ya saba, don dama ƙofar garejin da ƙyar motar ke bi. Ya ba ta wuta. Tayoyin gaba suka daki ginshiƙan ƙofa, hagu da dama, a lokaci ɗaya.

Ya koma baya, ya karkata, ya sake. Aka sace iska, aka tura, aka ja. Faɗi dai bai ragu ba. Wani ya ce a fasa ginshiƙi, shugaba ya ɗaga kai ya ce ginshiƙan ne ke riƙe da ɗakin sama. Aka kira mai taya, wayarsa a kashe. Da rana ta ɗaga, shugaba ya ce su dai ba su taɓa ganin dutsen da ya kayar da mutum tun daga gida ba, suka ja motocinsu suna dariya.

Baƙin ciki ya cika Injiniya har idonsa ya kawo ruwa. Ya zauna a kan bokiti a bakin ƙofa, daga sama kuma keken ɗinki na ta aiki abinsa.

Daga nan ƙasan ne ya hango rubutu a jikin ginshiƙi, da shuɗin allin tela, da rubutun hannun matarsa da ya sani shekara talatin da biyar: faɗin ƙofa, faɗin mota, a ƙarƙashinsu kuma, “A ƙara inci huɗu. Ladan mai taya: riga ɗaya.”