Mai Injin Da Ya Ƙi Koyarwa

Ka ce kana tsoron koya wa na ƙasa da kai aiki, kada gobe su ture ka. To, saurara. An yi wani mutum a wata masana'antar matse man gyaɗa, shekararsa goma sha tara a kan babban injin gidan. Da kunne yake gane ciwon injin, ƙara na ɗan sauyawa ya san ƙarfen da ke neman mai. Shi ma wani dattijo ne ya koya masa, kuma a kan idonsa aka sallami dattijon, wata biyu bayan hannun ɗalibin ya faɗa. Abin nan ya zauna masa a rai. Don haka da masu kamfani suka turo masa mutum uku ya horar, magidanta biyu da wata bazawara mai 'ya'ya huɗu, sai ya karɓe su da fara'a, ya miƙa musu tsintsiya. Wata shida suna sharar tunkuza da jan buhuna. In zai tayar da injin ko zai tsayar da shi, sai ya aike su waje, ko ya juya musu baya ya kare da jikinsa. Ranar da matar ta roƙe shi ya nuna mata ko da yadda ake kashewa ne, cewa ya yi, "Baiwar Allah, ba a yi wa ƙarfe gaggawa. Lokaci bai yi ba."

Wata Laraba da hantsi ya sunkuya zai ture wani ɓawo da ya maƙale, sai bel ɗin da ke juya injin ya kama hannun rigarsa. Ya ji ana jan sa, ya ɗago yana ihu a kashe. Yana kallon su ukun suna zagaye injin, suna taɓa nan suna taɓa can, fuskokinsu duk hawaye, babu wanda ya san inda zai danna. Matar ce ta fita da gudu har ɗakin janareta ta sa aka yanke wutar gidan gaba ɗaya. Kafin nan injin ya cinye hannun har gwiwa. Yana kwance a asibiti labari ya iske shi cewa an ɗauko wani injiniya daga birni, cikin kwana goma ya koya wa mutum ukun abin da shi ya ɓoye shekara da shekaru. Su ukun sun zo duba shi da lemo a leda, ba wanda ya yi masa gori. Shi ne dai ya kasa haɗa ido da su, ya juya fuska bango har suka tafi.

Shi ya sa Hausawa suka ce, kowa ya ci shi kaɗai, shi kaɗai zai mutu.