Wanda Ya Riƙe wa Jatau Igiya

Ka ce ƙanenka ya rantse sau uku zai bar giya, sau uku yana komawa, don haka ka cire hannunka daga sha'aninsa. To sannu da ƙoƙari. Zauna tukuna in ba ka labarin abin da na gani da idona, wanda har yau in na tuna sai tsigar jikina ta tashi.

A ƙauyenmu an yi wasu mahaƙa rijiya su biyar. A cikinsu akwai Nomau, shi ne na gaba a igiya, duk wanda aka zura ƙasa, bayan Allah sai shi. Ƙarfi kam Allah ya ba shi, sai dai burukutu ya fi ƙarfinsa. Wata safiya ya zo aiki da sauran mayen jiya a kansa, aka zura abokinsa Jatau, igiya ta suɓuce masa. Jatau ya faɗa ƙasa, ƙafa ta karye. Babbansu ya ce wa Nomau shi da igiya har abada, sai dai ya riƙa kwasar ƙasa. Mutumin da ya gaji riƙon igiya wurin ubansa, ai da wannan gara a yi masa bulala a kasuwa. Ya dafa Alƙur'ani ya rantse, ya yi kwana tara ya koma. Ya sha rubutu, ya sake rantsewa, ya koma. Mu kuwa 'yan gari, har da ni mai bakin nan, muna ta cewa mai hali ba ya fasa halinsa.

Rannan da aka tashi aiki sai ya tsayar da abokan aikinsa a bakin rami. Ya ce tun da yake bai taɓa ganin wanda ya fito daga rijiya da ƙarfin kansa ba, kowane ƙato jawo shi ake yi, to shi ma ya gaji da yaƙushin bango, su riƙe shi don Allah. Ya ajiye kunya ya faɗa musu komai. Tsakanin la'asar da magariba abin ke taso masa, ranar kasuwa ya fi tsanani, kuma hanyar gidansa ta bi ta bayan gidan da ake dafa burukutu, wari kaɗai ya isa ya kayar da shi. Sai suka tsara masa yadda suke tsara aiki. Aka sauya masa hanya ta gindin rimi, ko da ta fi nisa. Daga la'asar zuwa magariba ba a barinsa shi kaɗai, kowa da ranarsa. Ranar kasuwa babbansu da kansa ke tafiya da shi ya dawo da shi. Sannan suka ba shi dokar rami. A sana'arsu, in na ƙasa ya ji numfashi na ɗauke masa ya girgiza igiya, nan take ake jawo shi, ba a tsayawa tambayar dalili. To shi ma duk ƙofar da ya tsaya ya ce "A ja ni," mai gidan zai bar abin da yake yi ya zauna da shi, ba wa'azi, ba gori. Kada ka ɗauka daga nan ya miƙe sambal. Sau biyu ya zame a watannin farko, suka je suka ɗauko shi, aka ci gaba daga inda aka tsaya. Jatau ne kaɗai ya ce ba ruwansa, ko sallamarsa ba ya amsawa, kuma wa zai ga laifinsa?

Ana nan sai wata ranar kasuwa ta zo daidai da rasuwa a wani gari, su ukun nan duk suka tafi jana'iza, suka yi zaton za su dawo da wuri, mota ta lalace musu a hanya. La'asar ta yi, Nomau ba kowa. Ina zaune a ƙofar gidana na gan shi ya fito ya tsaya a mararraba, zufa na keto masa. Hagu gidan burukutu, dama gidan Jatau. Wallahi na riga na gama yanke masa hukunci a raina. Sai na ga ya juya dama yana jan ƙafa, ya tsaya gaban mutumin da ya nakasa, ya ce, "Jatau, a ja ni."

Jatau na zaune da sandarsa a gefe yana tufkar igiya. Bai ɗago kai ba. Ya ci gaba da tufkarsa, har na ce korarsa zai yi. Can sai ya matsa gefen tabarma, ya miƙa masa bakin igiyar ya ce, "Riƙe nan." Haka suka zauna, wannan na tufka, wannan na riƙe, har aka kira magariba suka tashi alwala tare. Ikon Allah. Na ga abubuwa a duniyar nan, amma ban taɓa jin kunyar kaina irin ta ranar ba.

Bayan shekara biyu ƙafar Jatau ta yi ƙwarin da zai koma rami, yana ɗingishi. Da aka ɗaura masa igiya a ƙugu, babbansu ya matso zai karɓi gaba, Jatau ya ce a'a, a ba Nomau. Nomau ya kama igiya hawaye na zuba, mutum uku na riƙe a bayansa, ya zura abokinsa a hankali har ƙasa, da yamma ya fito da shi lafiya. Shi ya sa magabata suka ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.