Keken Ɗinki Mai Ruwan Hoda

Ranar da aka sallame shi bayan aikin ido, tsohon tela ya shigo gidansa na Nasarawa Gwom bai gane falonsa ba. Bango ɗaya ja, ɗaya ruwan ɗorawa. Kujeru a karkace kamar za su faɗi. Ga wani ginshiƙi a tsakiyar ɗaki da bai ɗauki komai ba.

"Salon fosmodan ke nan, Baba," in ji ɗansa, wanda ya dawo daga Abuja da sana'ar ƙawata gidaje. "Tsoho da sabo ake haɗawa, a yi wasa da su."

Tsohon bai saurare shi ba. Keken ɗinkinsa yake nema, don tun yana gadon asibiti yake ɗokin komawa aiki. A kusurwa ya same shi. An yi masa fenti ruwan hoda, an cire allura da bel, an dasa fitila a kansa. Ya taka feda, ta ƙi motsi. An yi mata walda.

Da keken nan ya ɗauki nauyin karatun yaron har jami'a.

Kafin ya buɗe baki, sai ga wata mai ɗaukar hoto da ɗan ya gayyato don tallata aikinsa. Ta yi ta yaba fitilar, sannan ta juyo.

"Oga, wannan dattijon fa?"

Ɗan ya dubi koɗaɗɗiyar rigar mahaifinsa, ya yi murmushi.

"Telan da muka sayi keken a wurinsa ne. Malam, ɗan matsa gefe, kana ɓata mana hoto."