Ɗalibi Mai Rubutun Tonon Kaza

Littafi na uku ke nan da Malama ta ture gefe.

Mai kantin littattafai ya leƙo ta saman teburinsa, ya tambayi laifin wannan kuma. Malama ta ce layukan sun yi matsi. Ɗalibinta ba mai bin layi ba ne, ko filin ƙwallo aka ba shi sai harafinsa ya tsallaka gidan maƙwabta. Littafin farko ba shi da hotuna. Na biyu kuwa mataimakiyarta ce ta gano aibinsa: babu ƙ, babu ɗ, babu ɓ, alhali ɗalibin da ma neman dalilin tsallake lanƙwasa yake yi.

Ɗalibi ɗaya tak gare ta, a gida take koyar da shi, a kan teburin cin abinci, amma ya fi aji guda wahala. Ba ya iya zama wuri ɗaya. Da ya ji ƙarar waya zai miƙe. Fensir yake riƙewa kamar an sa shi dole, ya yi rubutu a guje kamar ana kora shi. Wani lokaci ana tsakiyar darasi sai a ga kansa ya langaɓe, ya yi barci a kan takarda.

Abin da ya kawo su kantin kuwa abin kunya ne. Makon da ya wuce ya rubuta wa Kaka gaisuwa a kati. Kaka ta sa tabarau, ta juya katin sama, ta juya shi ƙasa, sannan ta tambaya ko kaza ce ta yi tono a kai. Falo ya ɗauki dariya. A ranar mataimakiyar ta ja Malama gefe, ta ce wannan gyara sai ita, kowa ya gwada ya kasa. Malama da ma ba ta cika son harkar fensir ba, ta fi ganewa da fenti, amma an taɓa mutuncin gida. Ta yi alkawari kafin Kaka ta dawo ran Asabar ta sama, ɗalibin zai rubuta abin da ido zai iya karantawa.

Mataimakiyar ta sauko da wani littafi daga can saman kanta. Layukansa faffaɗa ne, kowane harafi an zana shi da ɗige-ɗige, ga ƙaramar kibiya tana nuna inda za a fara. A saman kowane shafi an bar layi guda babu komai, don mai koyarwa ya fara rubuta misali. Malama ta shinshina takardar, ta gyaɗa kai. Ta ƙara da fensir mai kauri guda biyu, da ƙaramin allo mai gogewa, da fakitin taurarin liƙawa. Mai kanti ya ce bai taɓa ganin malamar da ta san abin da take so haka ba.

Darasi ya kankama a ranar. Malama takan cike layin misali a hankali, harshe a waje don tsabar natsuwa, sannan ta tura masa littafin. Shi kuwa gogan sai ya ɓata. Ya yi wa harafin a ciki kamar tulu, ya bar k babu ƙafa.

"Malama, ban gane ba. A sake nuna mini."

Ta sake. Ya sake ɓatawa. Ta goge allo ta sake nunawa, har sau biyar, sau shida. Da suka zo kan b da d, ita kanta ta ɗan rikice, sai da mataimakiyar ta raɗa mata cewa b gaba take tura ciki, d kuma baya. Malama ta maimaita wa ɗalibin da kakkausar murya, kamar ita ta ƙirƙiro dokar.

Ran Laraba ya yi ƙoƙarin ba ta cin hancin biskit don a tashi da wuri. Ta karɓa ta cinye, ta ce a buɗe shafi na gaba. Ran Alhamis ya ɓata farar rigarsa da tawada, aka hana shi tauraro. Ya marairaice har ta ji tausayinsa, ta liƙa masa rabi a goshi.

Asabar ta zo, Kaka ta zauna, aka miƙa mata littafin. Malama ta tsaya gefe. Kaka ta bi layukan ɗalibin da yatsa, ta taɓe baki, ta ce to, an samu sauƙi, kazar ta fara tono a layi. Sai yatsan ya hau layin sama ya tsaya. Ta buɗe shafi na gaba, da na gabansa, har inda aka tsaya. Haruffa ne tsaf, kowanne zaune daram, lanƙwasa ba ta ɓace ko ɗaya ba.

"Waɗannan na saman fa, wa ya rubuta su?"

"Ni ce," in ji Malama. "Sai an yi ta nuna masa, ba ya ganewa da wuri."

Ɗalibin da mataimakiyar suka haɗa ido, kowannensu na danne dariya irin ta waɗanda dabararsu ta ci. Nan wayarsa ta yi ƙara. Ya duba, ya ce ana nemansa, ya rataya abin sauraron ƙirji a wuya, sannan ya sunkuya ya ɗaga Malama cak ya sumbaci goshinta.

"Baba, in ka dawo daga asibiti saura shafi biyu, Mama ce shaida," in ji Malama, wadda sai wata mai zuwa za ta cika shekara huɗu.